Zabori: Wa Zai Biya Diyyar Idon Manomi?

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, wadda ita ce jama'ar Nijar ke bi, ba su ɗauki ido da wasa ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da duk mai neman ilimi ya sani tun daga Dosso har Damagaram, an yanke cewa diyyar idanu biyu daidai take da diyyar rai sukutum, wato raƙuma 100 ko dinari 1000 na zinariya, ido ɗaya kuma rabin haka. In kuwa mai ido ɗaya ne aka tsiyaye masa wanda ya rage, to diyya cikakkiya ce. Wannan shi ne farashin ido a wurin magabata.

A ƙasar Zabori kuwa, da ke gundumar Junju tun daga 2011 da aka cire ta daga Gaya, kamar yadda yake a sauran karkarar ƙasar nan, ido na iya tafiya a kan abin da bai kai kuɗin kaza guda ba. Babu mai kai ƙara, babu mai biyan diyya, babu ma mai rubuta shi a takarda. Sai a ce ƙaddara ce, a shafa fatiha, a ba yaro sanda ya ja mahaifinsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma gaskiya ne, kuma sakacin nan yana da masu shi: wasu na zaune a ofis, wasu na zaune a rumfar kasuwa.

Yadda ido ke tafiya

Abin yakan faro ne da ƙaramin abu. Lokacin kaka manomi ya sunkuya yanke zangarniya, karmami ya shafe shi a ido. Ko mace tana sheƙa iska ta juya, ƙaiƙayi ya faɗa mata. Ko mai saran rake a fadamun Dallol Mawri, ganyen rake mai kaifi ya yanke shi. Abin da ya samu rauni shi ne tantanin nan mai haske kamar gilashi da ke rufe da baƙin ido. Ƙarzuwa ce kawai, wadda in ba ta kamu da ƙwayar cuta ba takan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma kayan gona ɗauke suke da ƙwayoyin cuta, har da irin na fumfuna, kuma ƙarzuwar ƙofa ce a buɗe.

Ran farko ido na hawaye, yana jin kamar da tsakuwa a ciki, ba ya son haske. Mai shi ya murje shi, ya ci gaba da aiki, domin gero ba ya jira. Ran na biyu wata tsohuwa ta lasa masa da harshe, ko a matsa masa ruwan ganye, ko nonon mai jego, ko a zizara kwalli. Ran kasuwa ya sayi kwalbar ɗigo a tire, zafi ya lafa, ya yi godiya. Kafin mako ya zagayo farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido: gyambo ke nan. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ya warke ya bar hakiya wadda ke tare gani har abada, ko ya huda idon ya tsiyaye. Sai a wannan lokaci ne ake sayar da akuya, a hau kabu-kabu, a nemi motar Dosso ko ta Yamai, ko a ƙetara iyaka zuwa Birnin Kabi ko Sakkwato, wasu ma har asibitin ido na ECWA a Kano. Ihu bayan hari.

Duk wanda ya fahimci wannan jerin ya fahimci komai. Ana cin nasara ko a sha kaye a kan idon manomi ne cikin kwana ɗaya ko biyu na farko, a ƙauyensu, tun kafin a yi zancen babban likita.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A wani bincike da aka yi a yankin Baktapur na ƙasar Nepal, aka buga shi a 2001, an koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye gane ƙarzuwar ido da wata ƴar takarda mai rini da ake kira fuloresin, da kuma sa man kuloramfenikol sau uku a rana har kwana uku. Cikin mutum 442 da suka zo da ƙarzuwa, 424 sun warke ba gyambo. Waɗanda suka zo cikin awa 18 na farko, ko ɗaya bai yi gyambo ba. Waɗanda suka bari sai bayan kwana guda, fiye da ɗaya cikin huɗu gyambo ya kama su. Bambancin duka na awanni ne.

Kasuwar makanta

Nan ne maganar ta iso kan ƴan kasuwa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tun ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, maganin farmasi ya yi wa talaka nisa. A 1995 aka kafa dokar da ta ɗora wa majinyaci biyan wani kaso na kuɗin jinya, bisa tsarin nan na Bamako na 1987. Cikin wannan rata ne farmasin ƙasa ya bunƙasa: magani a tire, a kan keke, a shimfiɗe a tabarma cikin rana tsakanin magi da batir. Wanda ya san kasuwannin da ke tsakanin Gaya, Kamba da Malanbil ya san cewa kwalayen magani ba su taɓa rasa hanya ba.

Cikin waɗannan kwalaye akwai ɗigon ido masu ɗauke da sinadarin kotizon, irin su dekzametazon da betametazon. A hannun likitan ido magani ne mai amfani. A hannun mai tire kuwa guba ne mai daɗin baki, domin yana kwantar da ja da zafi nan take, mai ciwo ya ɗauka ya warke, alhali ya kashe wa idon garkuwarsa, fumfuna na ci daga ciki ba mai hana ta. In aka daɗe ana ɗiga shi, yana jawo hawan jinin ido da yanar ido. Mai sayarwa bai sani ba, an yarda. Amma babban dilan da ya shigo da kwali ɗari fa? Jami'in da kwalin ya wuce ta gabansa ya kau da kai fa? Wanda ba zai ɗiga wa ɗansa abu ba tare da takardar likita ba, da wace fuska yake sayar wa ɗan wani? Ribar dala ashirin a kan abin da shari'a ta yi wa kuɗi raƙuma 50: wannan ciniki ne ko zalunci?

Magungunan gargajiya ma ba su tsira daga zargi ba. Wani bincike a Tanzaniya a 1994 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gyambon ido da aka duba yana da alaƙa da abin da aka zuba a ido a gida. Ruwan ganye na iya ƙona tantanin ido ko ya kai masa fumfuna. Fitsari na iya kai masa ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda ido cikin ƴan kwanaki. Sai dai zagin tsohuwa mai lasar ido ba shi da wahala. Ita ce take nan sa'ad da abin ya faru. Hukuma ce ba ta nan. A ƙasar Malawi, cikin shekarun 1990, an zauna da masu maganin gargajiya, aka nuna masu abin da ke makantarwa, aka roƙe su su riƙa turo masu ciwo asibiti. Abin da aka iya a can, mene ne ya hana a iya shi a fadar sarkin Zabori?

Takardar yabo daga Janeba

A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da makantar bakin kogi, ita ce ta farko a Afirka, ta biyar a duniya. An yi feshin magani a koguna daga 1976 zuwa 1989 don kashe ƙudan da ke yaɗa cutar, aka bi da shekaru na sa ido. Haka nan amodari, ciwon da ke juya gashin ido ciki: tun farkon shekarun 2000 ake rabon magani ƙauye-ƙauye, ana yi wa dubban mutane aikin fatar ido. Wannan abin yabo ne, kuma ma'aikatan da suka yi shi sun cancanci a jinjina masu.

Amma wannan nasara ita ce babbar shaida a kan masu mulki. Ta nuna cewa ana iya kai magani ƙauyen da ya fi kowane nisa in an ga dama. Me ya sa aka ga dama a can, ba a gani a nan ba? Saboda waɗancan cututtuka suna da iyayen gida a Turai da Amurka: akwai kuɗin aiki, akwai motoci masu tambari, akwai taron bita a otel da kuɗin zama. Karmamin gero ba shi da uban gida. Ba wata ƙungiya da ke biyan kuɗin tafiya a kan ƙaiƙayi. Ashe ke nan ciwo ba ya zama ciwo a ma'aikata sai an turo shi daga waje da ambulan a haɗe.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙididdigar da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 1998 ta ce kowace shekara ana samun raunin ido kusan miliyan 55 da ke hana mutum aiki fiye da yini guda. Mutum miliyan 1.6 sun makance ɗungurungum saboda rauni, wasu miliyan 19 kuma sun rasa ganin ido ɗaya ko ya yi rauni ƙwarai. Mai ido ɗaya ba ya shiga lissafin makafi, don haka ba ya shiga rahoto. Amma shi ya san cewa saura ƙaya guda tsakaninsa da bara.

Abin da ya kamata a sani a kowane gida

Ilimin da ke ceton ido bai fi a rubuta shi a bayan katin zaɓe ba.

Idan ƙura, ƙaiƙayi ko yashi ya faɗa ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. In bayan haka ana ci gaba da jin tsakuwa, ko hawaye, ko ƙin haske, a je gidan likita a ranar, ba gobe ba.

Idan ruwan batir ne, ko siminti, ko farar ƙasa, ko sodar yin sabulu, ko maganin feshin gona, to ba a jira kowa. A buɗe idon da yatsu, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 zuwa 30, da buta ko da kwano, sa'an nan a tafi asibiti. Siminti da soda sun fi ruwan batir haɗari, domin suna narka tantanin suna shiga ciki ko bayan zafin ya ragu. Haka ake yi idan gamsheƙa ta yi wa mutum tsartuwa: tun 1976 likitoci a Zariya suka rubuta yadda dafinta ke jawo gyambo da makanta. Ruwa da yawa nan take, sa'an nan likita.

Idan ƙaya, ƙusa, tsinke ko ɓarɓashin ƙarfe ya huda ido, ko aka ga ɗigon tsakiyar ido ya karkace, ko wani abu baƙi ya leƙo, to kada a cire, kada a danna, kada a wanke, kada a sa man shafawa. A yanke gindin kofin roba a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne, a kama hanyar likitan ido ba tare da ɓata lokaci ba. A tuna da allurar sandarewar jiki.

Idan duka ne, na dutse, na danƙon harbi ko na bulala, kuma aka ga jini ya taru a gaban baƙin ido, ko gani ya dushe, ko ana ganin abu biyu, a kwantar da mutum kansa a ɗage, kada a ba shi asfirin domin yana ƙara zubar jini, a kai shi asibiti. Malamai na boko da na allo su ji wannan da kyau: bakin dorina ba ya zaɓen inda zai sauka.

Mai walda da ya kwana yana kuka da ido bayan aikin rana, hasken wuta ne ya ƙone masa tantani. Yakan warke cikin kwana biyu ko uku, amma baƙin tabarau na gayu ba ya tare wannan haske, sai garkuwar walda ta ainihi. Mai wasa ƙarfe a inji, mai fasa dutse, mai feshi, duk tabarau na kariya suke bukata.

Farin ɗigo a kan baƙin ido, ko raguwar gani, ko zafin da ke ƙaruwa bayan kwana guda da fara magani: waɗannan alamu ne na cewa abin ya fi ƙarfin ƙauye.

Ga masu cewa babu kuɗi

Za a ce ƙasa na cikin matsi, ga tsaro, ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne. Za a ce likitocin ido kaɗan ne, kuma sun taru a Yamai da manyan biranen jihohi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa bai kamata a jingina komai a kansu ba. Ba wanda ya nemi a gina wa Zabori asibitin ido. Abin da ake nema shi ne tocila, da takardar rini, da man ido irin tetrasikilin wanda gidajen likita suka riga suka sani, da horon kwana biyu ga majo da mataimakansa, da lambar wayar wanda za a kira a Dosso in ido ya huje. Ɗakunan shan magani da aka gina ƙauye-ƙauye tun daga 2001 suna nan. Wakilan lafiya na ƙauye da aka koya wa maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari na yara suna nan. Wanda ya iya ƙirga numfashin jariri zai iya ganin koren tabo a kan baƙin ido.

Masu karatu da yawa za su ce ai wani babban gwaji da aka buga a 2022, a Nepal ɗin dai, bai nuna raguwar gyambon ido a ƙauyukan da aka horar da ƴan sa-kai ba in an gwada da sauran. Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Darasin da ke ciki shi ne man shafawa a akwati ba laya ba ne: sai mai rauni ya zo a ranar, sai an tsare shi daga kwalbar tire, sai akwai inda za a tura shi in abin ya ƙi. Gyambon fumfuna ba ya jin man ido na yau da kullum. Maganinsa natamisin ne, wanda ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017, kuma wajibi ne a same shi a asibitin jiha. Babu wani bincike a duniya da ya ce a bar manomi da mai tire.

Maganar kuɗi kuwa, a yi ta da kunya a wannan yanki. Shekara da shekaru, kafin rufe gadar Malanbil a 2023, ofishin duwan na Gaya na cikin manyan ƙofofin kuɗin shiga na ƙasar nan. Yankin Gaya ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Geronsa, rakensa, rogonsa da giginyarsa sun ciyar da birane. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. An yi taron ƙasa a 1991, an yi zaɓuɓɓuka, an yi juyin mulki, farar hula da soja kowa ya hau ya sauka da alkawari a bakinsa. Ƙaiƙayi dai bai san jam'iyya ba, kuma bai san kaki ba.

A kuma yi lissafin ɗaya ɓangaren. Magidancin da ya makance gona ta tsaya. Haraji ya tsaya. Bashin da ɗan kasuwa ke bin sa ya zama tarihi. Yaron da ke jan sandarsa ya bar makaranta. Ido ɗaya ya tafi da mutum biyu. Wane ne ya ce rigakafi ne mai tsada?

Bashin da ke kan kowa

Ma'aikatar lafiya da shirinta na kula da lafiyar ido su sa raunin ido cikin horon duk ma'aikacin karkara, su kai kayan aiki kafin girbi, ba bayansa ba, su kuma buɗe masa gurbi a rajistar wata-wata, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Hukumar komin ɗin Zabori, wadda doka ta miƙa wa irinta wani ɓangare na harkar lafiya tun 2016, ta sa sanƙira ya zaga kasuwa, ta nemi gidajen rediyon karkara su maimaita saƙo ɗaya daga Satumba zuwa Disamba: kada a murza, kada a ɗiga komai, a je a ranar.

Jami'an duwan da masu duba magunguna su fara da babban kwali kafin su kai ga ƙaramin tire. Kame mai tire a bar dila wasan kwaikwayo ne.

Ƴan kasuwa su cire ɗigon ido daga kayan tebur, su cika gurbin da tabarau na kariya. Riba ce ita ma, kuma halal. Mai garejin da ke sa yaron shago wasa ƙarfe da ido tsirara ya tambayi malaminsa ko wa za a bi bashin idon in ya tafi.

Sarakuna da limamai su kira wanzamai, ungozomomi da masu magani, ba don a tozarta su ba, don a ce masu: ido ya fita daga hannunku, ku turo.

Ma'aikacin da ke karanta wannan a ƙarƙashin fanka, da tabarau na likita a hancinsa, ya tuna cewa tuwon da zai ci da dare wani ne ya sunkuya cikin karmami ya yanko shi. Hausawa sun ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Kaka na zuwa kowace shekara, ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Saura a ga ko masu alkawari za su riga ta isa Zabori.